Yadda za ka kuɓuta idan an hau cikinka a wasan kokawa na Jiu-Jitsu na Burazil

Kun yi ta tambayata: abokin karawa ya danne ni ya zauna daram a cikina, yaya zan fita? A gasa wannan zaman maki 4 ne gare shi. Ga hanyar da ake kira "upa":

1. Manna gwiwoyin hannunka da haƙarƙarinka.

Hattara: kada ka miƙe hannu kana tura ƙirjinsa. Nan take zai cafke hannun ya murɗe gwiwar. Sababbin shiga kusan duk a nan suke faɗawa.

2. Jawo dugaduganka kusa da ɗuwawu.
3. Cilla ƙugunka sama har ya dafa ƙasa.
4. Kama hannunsa ɗaya ka matse a ƙirjinka.
5. Tare ƙafarsa ta wannan gefen da taka ƙafar.

Hannu da ƙafar su zama na gefe ɗaya. In ka saɓa, zai tokare ƙasa, ƙarfinka ya tafi a banza.

6. Ɗaga ƙugu sama sosai.
7. Mirgina ta kan kafaɗar gefen da ka tare. Kada ka kife, in ka kife zai kama ka ta baya.
8. Da ka hau sama, miƙe bayanka.

Ku fara a hankali, kan katifar horo.