Yadda Ake Gane Ƙwarin Gida da Ɓera Daga Sawunsu

Ƙwarin gida ba sa fitowa fili sai sun yi yawa. Kafin nan alamarsu ake gani, kuma kowanne da irin tasa. Don haka kafin a nufi kasuwa sayen fiya-fiya, a ɗauki tocila da sukudireba da tokar murhu a zagaya gida tukuna, domin maganin da ke kashe kyankyaso ba ya kaiwa inda gara take.

A fara da gara, don ita ce ke cin gida ba a ji motsinta ba, musamman a garuruwan bakin fadama irin su Argungu da Birnin Kebbi, inda ƙasa ke riƙe danshi. Gara ba ta jure busasshiyar iska, shi ya sa take gina siririyar hanyar laka mai kaurin fensir daga ƙasa, ta bi bango har katakon rufi. A duba bayan kabad, da gindin ƙofa, da kusurwar da aka jingina tabarma aka manta. In an ga hanyar, a karya kamar tsawon ɗan yatsa daga tsakiyarta, a dawo bayan kwana biyu ko uku. In an tarar an like wurin da sabuwar laka, garar na nan da ranta. Katako kuwa a ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukudireba: mai lafiya amonsa a cike yake, wanda aka cinye sai ya yi ƙara kamar ƙwarya, bakin ƙarfen ma ya nutse cikinsa ko da fenti bai nuna komai ba. Shinge, wato gara mai fukafukai, da ke taruwa a fitilar waje bayan ruwan farko ba abin damuwa ba ne. Tarin fukafukansa a cikin ɗakin da ya kwana a rufe shi ne abin tsoro, don yana nuna gidansu na kusa, wataƙila ƙarƙashin daɓen. Kankare hanyar da fesa magani a bango ba ya raba mutum da ita, uwar tana can cikin ƙasa tana ta ƙwai.

Ɓera, wanda a yankin Kebbi aka fi kira kusu, kashinsa ke tona masa asiri. Na ƙarami baƙi ne, bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Sabo yana da laushi da sheƙi, tsoho ya yi toka-toka yana marmashewa. A barbaɗa toka a gindin bango da dare, da safe za a ga sawu da layin wutsiya, a bi su har ƙofar raminsa. Kafar da fensir zai shiga, ƙaramin kusu zai iya kutsawa, sai a toshe da siminti, tsumma kam cinye shi zai yi. Kada a share kashin a bushe. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa, ya kuma fi tsananta da rani. A yayyafa ruwan bilic, a jira 'yan mintoci, a kwashe da leda a hannu. Jaba kuwa, duk da warinta, ƙwari take ci, ba ita ke huda buhu ba.

Kuɗin cizo a ɗinkin katifa da mahaɗar katakon gado ake nemansa: baƙaƙen ɗigo kamar na biro, da fararen ƙwai 'yan mitsi-mitsi, da jirwayen jini a zanen gado. Ƙwansa na ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, kuma feshi ba ya cika kashe ƙwan, shi ya sa ake maimaitawa bayan mako biyu. Ruwan zafi na kashe shi har da ƙwan.

Alamar kyankyaso ba ta ɓuya sosai. Kashi kamar dakakken masoro a lungun kicin, da ɗan kwanson ƙwai ruwan ƙasa, sun isa shaida. A rufe bakin salga.

Sai ɗakin ajiya. A zura hannu can tsakiyar buhun shinkafa ko dawa. Ɗumi da gari a tafin hannu na nufin ƙwaro ya riga ya yi nisa. A wake, fararen ɗigo ne ke fara mannewa a jikin ƙwayar, su ne ƙwai, kafin wata guda ramuka zagayayyu su biyo baya. Hatsin da bai bushe ba shi ke fara lalacewa, don haka a ciza ƙwaya a ji ta fashe ƙaras kafin a ɗura. A ɗora buhuna kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwaro da rashin iska, muddin an ɗaure kowace leda daban kuma babu huda ko ɗaya.

Sniper ba na zuba wa wake ba ne, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haka. Ƙwayar nan ta hatsi da ke fitar da gas kuwa, kada a kuskura a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana, ko wanda ya haɗa bango da shi. Gas ɗin na bin kafar bango da silin, yana kuma kashe mutum, musamman yara, tun ba a farga ba.