Yadda Ake Zaɓar Kalmar da Za Ta Maye Gurbin "Put Off" a Turanci

Yawancin ɗalibai da zarar sun haddace cewa "put off" na nufin "postpone", wato ɗagewa, sai su rufe ƙamus. Daga nan duk inda suka ga ɗaya sai su ɗora ɗayar a gurbinta. Wannan ne ke kayar da mutane a tambayoyin WAEC da NECO da JAMB na zaɓar kalma mafi kusa da ma'ana, domin mai shirya tambaya ya san da wannan haddar, kuma da gangan yake ajiye "postpone" cikin zaɓin ko da ba ita jimlar ke nema ba. Ga yadda ake bi a kauce wa tarkon.

Mataki na farko, kar ka taɓa ƙamus tukuna. Dubi abin da "put off" ta faɗa wa a jimlar: abu ne ko mutum? Idan taro ne, ko biki, ko tafiya, ko biyan bashi, to ɗagewa ake nufi. Idan mutum ne, magana ta canja. "The smell put me off the food" na nufin warin ya sa abincin ya fita daga raina, kalmomin da ke kusa da ita su ne "repel" da "disgust". "The fees put him off applying" kuwa kuɗin ne ya kashe masa gwiwa, sai a ce "discourage" ko "deter". Idan surutu ya hana mai karatu natsuwa aka ce "the noise put her off", to "distract" ce, wato ɗauke hankali. Akwai kuma wadda kowa ya sani a aikace, ta mai bin bashi da ake ta yi wa je-ka-ka-dawo. "He keeps putting me off" ke nan, kuma "stall" ce ta dace da ita.

Mataki na biyu shi ne inda aikin yake, don haka a natsu. Ko bayan ka tabbatar ɗagewa ake nufi, akwai kalmomi biyar da ke jiranka, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama.

"Postpone" ita ce mafi aminci. Abu ne da aka sa wa rana, bai fara ba, wani mai iko ya yanke shawarar mayar da shi gaba. Zaɓen shugaban ƙasa na Najeriya na 2019 misali ne mai kyau: an tsara shi ranar 16 ga Fabrairu, INEC ta mayar da shi 23 ga wata sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna. Wannan "postpone" ne tsantsa. Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta ajiye abu a baya, kusan daidai da "put off" ɗin kanta.

"Delay" jinkiri ce, kuma sau da yawa ba wanda ya zauna ya yanke shawara. Ruwan sama na iya jinkirta jirgi, cunkoso na iya jinkirta mutum a hanya. Shi ya sa ana cewa "the traffic delayed me", amma ba a taɓa cewa "the traffic postponed me". Ba a ɗage mutum, a Hausa ma haka ne. Wanda ya riƙe wannan bambanci na ɗagewa da jinkirtawa ya gama rabin aikin.

"Defer" ta ofis ce da takarda. Ɗalibin da ya samu gurbin jami'a ya nemi a ajiye masa zuwa shekara mai zuwa zai rubuta "defer my admission". Haka ake amfani da ita wajen biyan kuɗi ko yanke hukunci. Kar a saka ta a zancen bikin suna, ta yi wa wurin nauyi.

"Adjourn" ce aka fi ɓatawa. Sharaɗinta shi ne zaman ya riga ya fara. Alƙali ya saurari ƙara ya ce a dawo wata rana, ko majalisa ta tashi, wannan "adjourn" ne. Taron da aka ɗage tun kafin kowa ya zauna a kujera "postpone" aka yi masa. Abin da ke rikita mai jin Hausa shi ne duka biyun "ɗage" muke cewa, an ɗage shari'a, an ɗage biki. Turanci ya raba su.

"Procrastinate" hali ne, jan ƙafa, irin na mai cewa sai gobe. A cikinta ma akwai kalmar Latin mai nufin gobe. Ba ta ɗaukar karɓau (abin da aiki ya faɗa wa) kai tsaye, saboda haka "he procrastinated the assignment" ba jimla ce da mai maki zai karɓa ba. A ce "he procrastinated" a tsaya.

"Cancel" kuwa ba ta cikin wannan gida sam. Sokewa ce, kuma abokiyarta "call off". Bikin da aka yi wa "put off" za a yi shi, wanda aka yi wa "call off" an fasa. "Call off" tana yawan fitowa cikin zaɓin jarrabawa saboda "off" ɗin da ke ruɗin ido.

Mataki na uku, gyara siffar kalmar. "Put" ba ta canja kama, jiya "put", yau "put". Ita kuwa "postpone" tana canjawa. A jimlar "they put off the wedding last week" dole ka rubuta "postponed", kuma "last week" ce ta gaya maka haka. Ɗalibi zai zaɓi kalmar daidai ya bar ta ba "d" a ƙarshe, makin ya tafi a banza. Sannan idan aikatau ne ya biyo baya, da "ing" yake zuwa: "postpone travelling", "delay paying". "Postpone to travel" kuskure ne. "Deter" da "discourage" suna buƙatar "from", kamar "deterred him from applying". Wakilin suna kuma tsakiya yake shiga a "put it off", amma bayan kalma yake zuwa a "postpone it".

Yanzu ne lokacin ƙamus, kuma na masu koyon Turanci za a nema, irin na Oxford ko Longman, mai kawo jimlolin misali. Shafukansu na intanet kyauta ne. Littafin da ke jera kalmomi masu kama da juna ba tare da misali ba, a bar shi sai an ƙware. Karanta misali uku na kalmar da ka zaɓa, ka ga ko abin da ke biye da ita ya yi kama da naka.

Daga ƙarshe saka kalmar cikin jimlar ka karanta da ƙarfi, sannan ka mayar da ita Hausa a zuciyarka. Idan ta fito "warin ya ɗage ni", ka san ka kauce, koma matakin farko. A wasiƙar ofis da rubutun jarrabawa yi amfani da kalma guda, "postpone" ko "defer". A hira da saƙon waya "put off" ta fi daɗin ji. Ita kuma "put off the light" da ake yawan faɗa a Najeriya, a takardar jarrabawa rubuta "switch off" ko "turn off".