Idan za ki sauki ɗalibar ƙasar waje a gidanki

Yarinyar da ta zauna da mu a Kabuga 'yar ƙasar Poland ce. A Jami'ar Warsaw ta fara koyon Hausa, sannan ta zo Jami'ar Bayero don ta ji harshen daga bakin masu shi. Amana ce babba, shi ya sa nake son duk wadda za ta karɓi irinta ta shirya.

Tun kafin ta sauka, maigida ya sanar da mai unguwa, ke kuma ki karɓi lambar malamin da ke kula da ita. Ki ɗaura mata gidan sauro tun daren farko, don zazzaɓin cizon sauro ya fi kayar da wanda bai tashi a nan ba. Jikinta na yin zafi, kada a tsaya jiƙo ko sayen magani a kemis, a kai ta gwajin jini a ranar. Ruwan sha kuwa na gora ko tafasasshe. Fura da nono da zoɓon hanya su jira sai cikinta ya saba.

Wajen abinci ne na yi kuskure. Mu nan baƙo yakan ce ya ƙoshi don kunya, sai an matsa masa. Su ba haka ba ne. Na riƙa ƙara mata tuwo ina cewa "ci mana, 'yar nan", tana ta turawa don kada raina ya ɓaci, har wata rana ta kwana da ciwon ciki. Idan ta ce ta ƙoshi, to ta ƙoshi. Ki rage yaji a miya, ki ajiye dakakke a gefe. Haka idan ta rufe ƙofa ta yi shiru, ba fushi ba ne, ba girman kai ba, hutawa take. Ki hana yara yi mata cincirindo a taga.

Abin da muke gani kowa ya sani, ita sai an faɗa mata: amfani da buta, miƙa abu da hannun dama, rusunawa a gaida manya, yafa mayafi in za a fita. Ki faɗa mata ke da ita, ba a gaban mutane ba. Ki kai ta Kantin Kwari ta zaɓi atamfa da kanta. Addininta kuma a bar mata, sai abin da ta tambaya.

Bayan mako guda ki daina ɗaukar ta baƙuwa. Ki miƙa mata muciya, ki haɗa ta da yara su sayo kayan miya, ta koyi ciniki da mai adaidaita. Ki kuma ja kunnen samarin gida masu son gwada Turancinsu a kanta, Hausa ta zo nema. Tamu a bakin murhu ta koyi "sannu da aiki", kuma tun a wata na biyu take kira na Umma.