Kurakuran da aka fi yi wajen sayen taya mai araha ga tsohuwar mota

Mai tsohuwar Golf ko Corolla ba ya neman taya mai tsada, kuma babu laifi a nan. Inda ake tafka kuskure shi ne a duba zurfin zane kawai a biya kuɗi. Taya roba ce, tana tsufa ko da ba ta taɓa taka kwalta ba. Ka tsuguna ka duba gefenta, ka nemi rubutun DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara 4 a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare. Ni dai sabuwa ta kamfanin da bai yi suna ba ta fi mini Michelin 'yar Beljiyam (wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje) mai shekara 9.

Tun da an ambaci 'yar Beljiyam, a nan ne abin ya fi damuna. Da yawansu tayoyin hunturu ne da aka cire a Turai. Za ka ga zanen dutse da alamar ƙanƙara a jikinsu. Robarsu mai taushi ce, an yi ta don sanyi, sai ga ta a hanyar Kano zuwa Maiduguri cikin watan Afrilu, da lodi har saman but. Ba ta daɗewa take cinyewa. In dole sai ta hannu za ka saya, kada ka karɓe ta a kan rim. Sa hannu cikinta ka shafa, ka nemi faci, musamman a gefe. Lanƙwasa bakinta ka ga ko akwai ƙananan tsaga. Mai kumburi kuwa, ko kyauta aka ba ka, bar ta.

Sai girma. In motarka 195/65 R15 take ci, kada mai shago ya ce maka "wannan ma za ta hau". Lambar da ke biye, kamar 91H, ita ke nuna iyakar nauyi da gudun da tayar za ta iya ɗauka: 91 kilo 615 ke nan kowace taya. Kada ka sauka ƙasa da abin da kamfanin motar ya rubuta.

In kuɗin biyu kaɗai gare ka, saya iri ɗaya, ka sa su a baya, domin in baya ta zame cikin ruwan sama, da wuya sitiyari ya iya dawo da ita.

Wasu kuma sun sayi taya mai kyau, sai su kashe ta da hannunsu. Tsohuwar mota ba ta rasa matsalar ƙafa, don haka a yi alaimen da balansin (saita ƙafafun motar da daidaita nauyin tayar) ranar da aka sa sabuwa, in ba haka ba gefe ɗaya zai cinye cikin 'yan watanni. Kada ka bar mai faci ya auna iska da bugun ƙarfe. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙi da adadin iskar da ya dace. Da safe ake aunawa, kafin tayar ta ɗau zafi, har da safaya da ke kwance a but.