Yadda Ake Haɗa Kan Sashen Saye-saye, Sito Da Akanta

An sha tambayata: kaya sun iso sito, ɗan kwangila yana ta zarya ba a biya shi ba, kowane sashe na nuna wa wani yatsa. Ga yadda za ka sa su yi aiki tare.

1. Zaɓi matsala guda ɗaya tak, misali jinkirin biyan kuɗin kaya.

2. Nemi amincewar shugaban ma'aikata kan a riƙa zama tsakanin sassan uku.

3. Je ofishin kowane shugaban sashe ka yi masa bayani da bakinka.

Hattara: kada ka tsallake shi ka tafi wurin na ƙasa da shi. Da zarar ya ga an raina shi, zaman ya mutu tun ba a fara ba.

4. Kowane sashe ya turo wakili ɗaya.

5. Tsayar da zaman minti 30 duk safiyar Litinin. Juma'a ba ta dace ba, hankali yana masallaci.

6. Ɗauko fayil na gaske ka ajiye a tebur, ku bi shi tare: takardar oda, shaidar shigar kaya sito, takardar neman biya. Duba ranar da ke kan kowane hatimi, za ka ga teburin da ya kwana a kai.

Nan ake yawan ɓata abu. Tambayi inda takarda ta tsaya, kada ka kama sunan kowa a gaban jama'a.

7. Rubuta wanda zai gyara, da ranar gamawa.

8. Litinin mai zuwa, buɗe zaman da wannan rubutun.