Kurakuran da aka fi yi wajen auna saurin daskarewar narkakken ƙarfe

Narkakken nikel mai tsabta ba ya daskarewa da zarar zafinsa ya sauko 1455°C. In aka rataye ɗigonsa a sarari da maganaɗisu, ba tukunyar da yake taɓawa, zafinsa yakan ƙara sauka da digiri 200 ko 300 ƙasa da 1455 yana nan ruwa, wannan ita ce zarcewar sanyi. Da an tsokane shi da allura sai rassan daskarewa su ratsa shi, zafin da ke ɓoye ya fito, ɗigon ya haska. Gudun rassan nan ake aunawa, kuma nan sababbin hannu suke ta faɗawa rami ɗaya.

Na farko kyamara. Faɗin ɗigon kamar milimita 7 ne. Rassa masu gudun mita 30 a sakan ba sa cika rubu'in milisakan sun ƙetare shi. Kyamara mai hoto 1,000 a sakan za ta ba ka hoto ɗaya da duhu, na gaba da haske, shi ke nan. Amma sai ka ga mutum ya raba faɗin ɗigo da wannan tazarar, wai ya samo sauri! Haba malam, gudun kyamararka ka auna. Nemi mai hoto 30,000, ita ma bakwai kacal za ta kama.

Mafi ban takaici shi ne bin hasken ta kan fatar ɗigon. Fata kawai kyamara take gani, rassan kuwa ta ciki suke yankawa a miƙe daga bakin allura. Zagayen daga bakin allura zuwa ɗaya gefen milimita 11 ne, miƙaƙƙiyar hanya 7. Wanda ya lissafa da zagaye ya ƙara wa saurin fiye da rabi. Kuma in ba allura ce ta tayar da daskarewar ba, ba ka san mafarinta ba. Ni dai irin wannan awon zubar da shi nake yi.

Na'urar auna zafi daga nesa takan yi ƙarya in ba a daidaita ta ba. Duk lokacin da ka sake gwajin, dubi inda zafi ya tsaya cak lokacin narkewa, ka mayar da shi 1455.

Ɓawon tsatsa yana daskarar da ɗigo tun bai yi nisa ba. Ƙara masa zafi sosai, ka hura iskar hiliyam mai ɗan iskar haidurojin.

In zarcewar sanyin kaɗan ce, juyin da maganaɗisu ke yi wa ruwan yana ƙara saurin, don haka in awonka ya wuce saurin da lissafi ya nuna, kada ka ɗora wa lissafin laifi.