Ampili mai kwalba: in za ka sayi kit ka haɗa da hannunka, fara duba taransifo

Tun ina yaro akwai wata tsohuwar rediyo ta katako a zauren kakanmu nan Maradi, in an kunna ta sai an jira ta ɗauki zafi kafin ta yi magana, ka leƙa ta baya ka ga kwalabe sun yi jajir kamar garwashi. Su ne masu gyaran rediyo ke ce ma lam. Tun 1947 da aka ƙirƙiro taranzisto aka fara ture su gefe, amma masu son sauti har yau ba su sake su ba, kuma ana saida kit, wato kayan ampili, na'urar ƙara ƙarfin sauti, gaba ɗaya a kwali, kai za ka zauna da dalma ka haɗa abinka.

Na farko da na yi oda wallahi kwalliya ce ta ruɗe ni. Ƙananan kwalabe biyu 6J1 da wata fitila shuɗiya a ƙarƙashinsu, an rubuta wat 50 sau biyu, ga araha. Da ya iso na ɗaga kwalin sai na ji shi sakayau kamar ba komi ciki, ashe wani ɗan cip ne ke dukkan aikin, kwalaben ƴan rakiya ne kawai. To ka riƙe wannan: ampili mai kwalba na gaskiya nauyi gare shi, saboda akwai taransifo na wuta ɗaya da na fitar da sauti guda biyu, ɗaya na bafil ɗin dama ɗaya na hagu, ƙarfe ne da wayar tagulla zalla. Dynaco ST-70 da ya fito a Amurka a 1959, wanda shi ma a kit aka riƙa saida shi, wat 35 ne kowane gefe amma ya kai wajen kilo 14. In ba ka ga taransifo uku a hoto ba, tambayi mai kayan nauyin kwalin kafin ka tura ko dala.

Sai maganar kuran, nan ne mutanenmu ke ƙona kuɗinsu. Mu volt 220 gare mu, 50Hz. Kit da yawa na Amurka 120 ne da 60Hz, na Japan kuma 100. Dole ka tabbatar taransifon na karɓar 220 ko 230 kuma an rubuta 50Hz a jikinshi, dan wanda aka naɗa ma 60 kaɗai zafi yake yi a wutarmu yana gurnani. Kuma kai ma ka san halin wutar, yanzu ta yi ƙasa an jima ta dawo da ƙarfi, zaren da ke zafafa kwalba kuwa volt 6.3 yake so, in ya riƙa wuce haka kwalba ba ta yin ƙarko. Ka sa regilater, na'urar daidaita ƙarfin wuta, cikin lissafinka tun farko. In an ɗauke wuta kashe ampilin nan take, kar ta dawo ta same shi a kunne da zafinshi.

Wace kwalba? Ni dai EL84 nike ce ma duk mai farawa. Tana da sauƙin samu, ana yin ta har yanzu, JJ na Silobakiya na yi, akwai ta Rasha 6P14P da ke shiga gurbinta. In kwalba ɗaya ce a kowane gefe za ka samu wat 3 zuwa 5, haɗin ba wuya, kaya kaɗan ne. In bibbiyu ne masu tura-ja, ɗaya na turawa ɗaya na ja, sai ka samu 10 zuwa 15. EL34 da KT88 sun fi ƙarfi amma sun fi cin wuta da fidda zafi, ka tuna watan Afirilu a ɗaki mai rufin kwano ana sama da digiri 40, ka ƙara murhu a ciki? 300B kuwa, wadda ake ta yabo, wat 8 kawai take ba ka kuma tsada kamar mi, bar ta sai hannunka ya faɗa.

Kar wat 4 ya ba ka dariya. Abin dubawa shi ne bafil ɗinka, a bayanshi ko a takardarshi akwai lamba da dB, mai nuna yawan ƙarar da yake fiddawa da wat ɗaya. In 90 ne ko sama, wat 4 na cika ɗaki har maƙwabci ya ji. Duk dB 3 da ya ragu sai ka ninka wat, kenan bafil mai 84 na son ninki huɗu na abin da mai 90 ke so. Ka duba om ɗinshi ma, 4 ne ko 8, ka ga kit ɗin na da mafitar da ta dace. Amma fa wanga ba kayan biki ba ne, in sautin taron suna kake nema tafi ka yi haya.

Ka zaɓi mai allo, wanda aka zana wurin kowane rezistans da kondansater, ka bar mai haɗin waya da waya tukuna. Ka nemi wanda bayas ɗinshi, wato saitin wutar da ke bi ta cikin kwalba, ke daidaita kanshi, ba sai ka sa mita kana murɗawa ba duk sanda ka canza kwalba. Kuma ka ce a turo maka shema, wato zanen yadda wayoyi ke haɗuwa, da littafin haɗi ka gani kafin ka biya, in da Sinanci ne kawai ba hoto to ka sha wuya. Elekit na Japan sun yi suna wurin littafi mai bayani dalla dalla, sai dai kuɗi. Lissafin kuɗin ma ba na kit kaɗai ba ne, akwai na dako tunda abu ne mai nauyi, akwai duwan, sannan ka ƙara kwalabe na ajiya a oda ɗaya dan gilashi ne kuma hanya da nisa, ba abin da za ka shiga babbar kasuwa ka tsinta ba ne.

Yanzu abin da ba wasa. Cikin ampilin nan akwai volt 250 zuwa sama da 400, kuma kondansater na riƙe wuta ko bayan ka zare fulogi. Kafin ka sa hannu auna da mita ka ga volt ɗin ya sauka, ka yi aiki da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu, da takalmi a ƙafa, yara su fita ɗakin. Kar ka taɓa kunna shi ba bafil a jone, taransifon sauti ke ƙonewa, shi ne kuma mafi tsada a ciki. In ba ka taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, ɗauki kwalin ka je wurin dattijon mai gyaran rediyo na unguwarku, ka ce baba a duba mini, da yawansu da kwalba suka koyi aikin.

Ranar kunnawar farko ka nemi ƙwan fitila irin na da mai zare, wat 60 ko 100, ka jona shi a jere da wayar ampilin yadda wuta sai ta bi ta cikinshi. In ya yi haske ya dushe, haɗinka lafiya. In ya tsaya da haske tar, zare fulogi akwai inda waya ta haɗu. Bayan nan ka aje ampilin inda iska ke ratsawa, nesa da bango, in ya huce ka rufe shi da ƙyalle, ƙurar hunturu na shiga ramukan ƙafafun kwalba sai ka fara jin ƙarar ƙas ƙas a bafil.